Na kashe mosfet amma batir ya tsiyaye: yaya ake tare wuta gaba da baya?

Auta Kurna: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Wata matsala ce ta hana ni barci yau kwana uku. A shagon cajin waya na Yayana nan Kurna muna da tsohon batir tubula mai 200Ah da sola ke cajawa. Kwanan nan Yaya ya sayo litiyam mai 100Ah, irin mai bolt 12.8 ɗin nan, da cajarsa daban da muke jonawa in an kawo wuta. Abin da muke so shi ne litiyam ya zauna gefe guda, kada ya bayar kada ya karɓa, sai tubula ya gaza da dare a shigo da shi. Sai na haɗe jajayen wayoyinsu wuri ɗaya, na sa mosfet, wato makunnin lantarki mai ƙafa uku, get da diren da sos, mai lamba IRF3205 ƙwaya ɗaya a kan baƙar wayar litiyam ya zama makunni. Da magariba na kashe shi, na auna tsakanin get da sos, sifili. Da asuba na tarar litiyam ya yi ƙasa sosai. Na ce to baibai na sa, na cire na juya ƙafafun. Daren ya wuce lafiya lau. Amma rana na takewa, sola ta fara turo wuta, mosfet ɗin ya ɗau zafin da sai da ya tasar min yatsa, alhali a kashe yake. Jabu aka sayar min ko ni ne ban iya ba?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Kafin a fara zagin 'yan kasuwa, Auta ka kwantar da hankalinka, kayanka lafiyarsa ƙalau. Ko daga hannun kamfanin ka karɓo shi haka zai yi maka.

Baba Mai Rediyo: Yaro, ka sayi rile na mota, makunnin nan da maganaɗisu ke ja, ka huta. Ƙarfe biyu ne, in sun rabu sun rabu, babu gaba babu baya. Shekara nawa muna aiki da shi a Fagge ba mu taɓa jin ya yi satar hanya ba.

Injiniya Hotoro: Baba a yi min afuwa in fara warware masa abin da ya gani, zancen rile ma za mu zo kansa. Auta, kowane mosfet na ɗaukar wuta mai yawa yana da dayod a cikin cikinsa, wato abin da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai. Ba wani ne ya liƙa ta ba, yadda ake gina shi ne ya haife ta, don a ciki an ɗaure jikin silikon ɗin da ƙafar sos. A irin naka, wato N, dayod ɗin tana barin wuta ta bi daga sos zuwa diren ko da get yana sifili. Ke nan in ka kashe shi, hanya ɗaya kawai ka rufe, daga diren zuwa sos. Ɗayar a buɗe take, kuɗin shiga kawai take karɓa, wajen bolt 0.6 zuwa 0.8.

To duba abin da ya same ka. Litiyam irin naka in ya cika ya huta yana zama wajen 13.3. Tsohon tubula da kaya a kansa da dare yana iya zama 12.2 ko ƙasa. Bambancin ya wuce bolt ɗaya, ya fi kuɗin shigar dayod. Sai litiyam ya kwana yana ciyar da shago, yana kuma shayar da tsohon. Da ka juya shi, ka toshe hanyar fita ka buɗe ta shiga. Da rana sola ta kai tubula 14.4, ya fi litiyam, sai wuta ta kwararo ta cikin dayod ɗin. Ka ce amfiya 10 ce ta bi, a kan bolt 0.8, wat 8 ke nan a cikin ɗan abin da bai kai ƙwayar dabino ba. Wannan gidan nasa, TO-220, in babu ƙarfen sanyaya kowane wat ɗaya yana ƙara masa zafi wajen digiri 60. Ka gode Allah yatsa kawai ya ci.

Auta Kurna: Ikon Allah. Wato an gudu ba a tsira ba. To Yaya Injiniya, in na ƙara dayod babba a jere da shi fa? Ina da irin ta bayan farantin sola.

Injiniya Hotoro: Za ta tare, amma ka mai da shi titi mai hannu ɗaya har abada, kuma za ka biya. Ko irin mai ƙaramar asara ce, Schottky, tana cin wajen rabin bolt. A amfiya 15 ka zubar da wat 7 da ɗoriya a zafi. Kuma irinta in ta yi zafi tana yoyo ta baya, zafin Kano na watan Afrilu cikin kwantena kuwa ka san shi. Abin da ake yi shi ne mosfet biyu a jere, sun juya wa juna baya. Ka haɗa sos da sos, ka haɗa get da get. Diren na ɗaya ya tafi baƙar wayar litiyam, diren na biyu ya tafi baƙar wayar kayan shago. Yanzu dayod biyun suna kallon waje daban-daban. Wuta ta zo daga dama, ta dama ta tare ta. Ta zo daga hagu, ta hagu ta tare. Kamar zaure mai ƙofa biyu, ɗaya tana buɗewa ciki ɗaya waje, ko ta ina ka turo sai ka ci karo da wadda ba ta buɗuwa ta wajenka. In ka kunna get kuwa, duka biyun su buɗe, wuta ta bi ta jikinsu ba ta dayod ba.

Mai Sola Ɗorayi: Abin ma ba baƙo ba ne. Auta kai da kake cikin 'yan waya, ɗauko ɗan allon cajin nan na TP4056 mai kariya ka duba. Akwai ƙwaro mai ƙafa shida an rubuta DW01, kusa da shi wani an rubuta 8205A. Wannan na biyun mosfet biyu ne a gida ɗaya sun juya wa juna baya, sai dai su diren ɗinsu aka haɗe. Ɗaya yana yanke caji in batir ya wuce wajen 4.3, ɗaya yana yanke fita in ya faɗo wajen 2.4. Allon kariyar da ke cikin babban litiyam ɗinku ma haka yake, layi biyu na mosfet, na caji da na fitarwa. Kullum muna riƙe da abin a hannu ba mu lura ba.

Baba Mai Rediyo: Duk na ji. Amma ku lissafa min. Mosfet biyu, rizista, zina (dayod mai hana bolt wuce iyaka), ƙarfen sanyaya, dalma, ga ɓata lokaci. Rile ɗaya fa? Kuma abin da ba ku faɗa masa ba, shi mosfet in zai mutu a haɗe yake mutuwa. Ya narke ciki ya zama waya, kana nan kana cewa a kashe yake. Inbata nawa aka kawo min da mosfet a jere duk sun zama gawayi?

Injiniya Hotoro: Wannan gaskiya ce Baba, ba na musu. Galibi a haɗe yake mutuwa, shi ya sa fiyus a bakin kowane batir ba abin tattaunawa ba ne. Amma rile ma yana da nasa. Nadin wayar da ke jan ƙarfen yana shan wajen miliamfiya 150 muddin yana kunne, in ya wuni ya kwana ya sha amfiya-awa uku da rabi. Sannan bakinsa yana walda kansa in aka jona shi da inbata mai kafasita wayam, shi ma ya mutu a haɗe ke nan. In tsarin ya hau zuwa bolt 48 kuma sai tartsatsi ya zama abin tsoro, don wutar gida mai juyawa tana ratsa sifili sau 100 a daƙiƙa, tartsatsin ya mutu da kansa, ta batir kuwa ba ta da wannan hutun. Amma a bolt 12 da amfiya 15, rile na mota zai yi aikin, don dama don haka aka yi shi. Na ba ka wannan.

Baba Mai Rediyo: Alhamdu lillahi, yau boko ya sallama.

Ɗan Sabon Gari: Baba bai sallama duka ba, rabi ya bayar. Ni dai duka biyun ina sayarwa, ku yi ta yi. Akwai ma rile mai riƙe kansa irin na cikin mitar kati, bugu ɗaya ake ba shi ya zauna inda aka sa shi ba ya ƙara shan komai. Sai dai samun mai kyau da aka rubuta masa ƙarfin wutar batir a jiki, ba na wutar gida kaɗai ba, sai an tona.

Malama Kabuga: Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama, kuma akwai abin da kowa ya tsallake. Duk kuna maganar lokacin da makunnin yake kashe. Auta, ranar da ka kunna shi fa? Mosfet a kunne ba ya tambayar wuta daga ina ta fito. Waya ce kawai mai miliom 8. Rilen Baba ma haka. Kana kunnawa ka haɗa litiyam mai 13.3 da tubula da ya faɗi 11.9 kai tsaye. Ka ɗauka duk hanyar, da wayoyi da cikin batiran da mosfet, ta kai miliom 50. Bolt 1.4 a kan wannan, amfiya 28 ke nan za ta ruga cikin tsohon batir tun kafin wayar kwastoma ɗaya ta samu. Abin da ka gudu da farko shi za ka yi da hannunka, sai dai wannan karon da izininka.

Tare wuta ta fuska biyu a kashe abu ne daban, hana ta komawa baya a kunne abu ne daban. Ɗalibaina kullum a nan suke faɗuwa.

Auta Kurna: Malama wallahi ban kawo wannan a raina ba. To mene ne mafita?

Malama Kabuga: Biyu ce. Ko dai kowane batir ya samu nasa makunnin mai tare gaba da baya, a kashe na tubula tukuna sannan a kunna na litiyam, kada su taɓa haɗuwa ko na ƙiftawar ido. Ko kuma a sa mai gadi da zai riƙa auna bambancin ƙarfin wuta a bakin mosfet ɗin, yana ganin ta juya ya kashe get. Akwai ƙwarin da aikinsu ke nan. LM74700 na Texas Instruments yana riƙe faɗuwar a wajen milibolt 20, wuta na juyawa ya yanke. Amma shi kaɗai da mosfet ɗaya dayod ce marar asara, bai hana fita ba. Ɗan'uwansa LM74800 shi ke tuƙa biyu masu juya wa juna baya. LTC4359 ma ana yin haka da shi. Suna da famfon caji a ciki, wato abin da ke ɗaga wa get ƙarfin wuta sama da na batir, don haka a kan jar waya ake sa su. A shagonku dai ni ta farkon zan bi, ta fi sauƙin ganewa da gyarawa. Kuma kwantirolar sola ta zauna a kan kawunan tubula kai tsaye, bayan makunni, kada wata rana ka yanke mata batir rana tsaka faranti yana turo wuta.

Mai Sola Ɗorayi: Wannan ta ƙarshen a ja mata layi. Na ga kwantirola fiye da ɗaya da ta tafi ta wannan hanyar.

Ɗan Sabon Gari: Waɗannan ƙwarin da Malama ta lissafa ba a teburinmu suke ba, sai an yi oda, kuma ƙafafunsu sai mai gyaran waya da iskar zafi. Amma Auta ai gidan ya taras, a kai wa 'yan Farm Centre su ɗora.

Baƙo Tarauni: Tambaya daga ɗan koyo. Me ya sa ba za a sa a kan jar waya ba tun farko? Ni an koya min ja ake yankewa.

Injiniya Hotoro: An koya maka daidai, kuma in da hali ja ɗin ya fi, don baƙar waya takan sami ɓarauniyar hanya, ta jikin ƙarfen akwati ko ta wata igiyar da ta haɗa na'ura biyu, sai ka ga an zagaye makunnin. Wahalar ita ce irin N yana son get ya fi sos da wajen bolt 10 kafin ya buɗe sosai. In sos yana kan 13, get yana neman 23, a ina za ka samo? In ka ba shi 13 ɗin, zai buɗe rabi-rabi, ya riƙe bolt uku ko huɗu a jikinsa, ya dahu. Mafita uku ce. Famfon caji irin na ƙwarin da Malama ta ambata. Ko ɗan ƙwaro mai fitila da ɗan farantin sola a ciki, kamar VOM1271, ka kunna fitilar ya haifar da wajen bolt 8 tsakanin get da sos ba tare da ya taɓa komai ba, sai dai ƙarfinsa kaɗan ne, yana buɗewa a hankali. Ko ka koma irin P, kamar IRF4905, wanda ake jan get ɗinsa ƙasa. Shi kuma miliom 20 ne, biyu 40, a amfiya 15 wat 9. IRF3205 biyu miliom 16, wat 3.6. Ka ga inda kuɗin sauƙin yake fita. Kuma duk waɗannan lambobin na ɗaki mai sanyi ne, in ya yi zafi sosai ka ƙara rabin abin a kai.

Baba Mai Rediyo: Oho, ashe shi ma yana jin zafin Kano.

Injiniya Hotoro: Yana ji Baba, alhali ɗaya daga cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro shi ɗan ƙasar zafi ne. Mohamed Atalla, haifaffen Masar, shi da Dawon Kahng ɗan Koriya, a Bell Labs ta Amurka a 1959.

Auta Kurna: Na dawo, kwana biyu ina kan abin. Na bi shawarar Malama, makunni biyu, kowanne mosfet biyu. Na samo wani guntun alminiyam na tsohuwar inbata na ɗaure su da noti don su sha iska. Ban ma jona get ba, na sa mita a kan diren da diren, sai ƙara take yi. Na juya wayoyin mita, ƙara. Na cire sabo na sa, ƙara. Mosfet shida na gwada. Yanzu kam Ɗan Sabon Gari sai ka yi haƙuri, kayan nan jabu ne.

Baba Mai Rediyo: Hahaha. Yaro, tsaya. Ka sa maika a bayansu?

Auta Kurna: Wace maika Baba?

Baba Mai Rediyo: To ka ji. Wannan ƙarfen na bayansa mai hujin noti ba ado ba ne, ƙafar tsakiya ce, diren. Ka riƙe shi rubutu na kallonka ƙafafu ƙasa: get, diren, sos. Bayan da ta tsakiya abu ɗaya ne. Ka ɗaure biyu a alminiyam ɗaya, ka haɗe diren da diren ta baya, wuta ta bi ta alminiyam ta bar ka da mosfet ɗinka. Ka gina zaure mai ƙofa biyu ka rushe katanga. Akwai 'yar takarda mai sheƙi kamar ɓawon albasa da ake sa wa a tsakani, da ɗan zoben roba da ke shiga hujin don kada notin ya taɓa. Ka shafa farin man nan sama da ƙasa. In ba ka samu ba, ka yanka alminiyam ɗin kowa da nasa, kada su taɓa juna kada su taɓa akwati. Tun zamanin amfilifaya ta masu wa'azi muke wannan.

Injiniya Hotoro: Na manta ban faɗa ba, laifina ne. Baba ya rama. Wannan ma shi ne dalilin da wasu ke haɗa diren da diren da gangan, sai su ɗaure a ƙarfe ɗaya hankali kwance. Amma sai sos ya rabu biyu, kowane get yana neman nasa direban. Ko'ina ka bi akwai abin biya.

Ɗan Sabon Gari: Ina jiran ban-haƙuri a bainar jama'a kamar yadda aka yi zargin.

Auta Kurna: Allah ya huci zuciyar Alhaji, na tuba. Na sa maika, mita ta yi shiru gaba da baya. Amma ga sabuwa. Na sa makunni mai ƙafa uku, in na tura shi sama get ya samu ja, in na dawo da shi get ya tafi baƙar wayar kayan shago. Da tubula yana ciki komai daidai. Sai na kashe duka biyun don in ga shago ya yi duhu. Bai yi ba. Ƙwan fitila yana ci dishi-dishi, fanka tana juyawa kamar mai jin barci, mosfet kuma suna ɗumi. Aljanu ne a shagon nan ko me?

Malama Kabuga: Ba aljanu. Ka ce get yana tafiya baƙar wayar kaya. Wa ya ce maka mosfet ya san baƙar wayar kaya? Abu ɗaya ya sani, tsakanin get da sos ɗinsa. Bi ta a hankali. Ka kashe duka biyu, baƙar wayar kaya ba ta jingine da kowane batir. Kayan shago, fitila da fanka, suna tsakaninta da ja, sai su ja ta sama zuwa wajen ja. Get yana ɗaure da ita, ya bi ta sama. Yana wuce baƙin batir da bolt uku ko huɗu, mosfet ya fara buɗewa, ya ja ta ƙasa kaɗan, sai su daidaita a tsakiya. Ba a kashe ba, ba a kunne ba, wurin da ya fi ko'ina kashe mosfet. Da kaya masu nauyi ne a kai da yanzu kana shara.

Gyaran: cire wannan wayar gaba ɗaya. Sa rizista mai kilo-om 10 daga get zuwa mahaɗar sos biyun, a nan jikinsu, gajeriyar ƙafa. Sa zina mai bolt 15 a gefenta, mai zoben tana kallon get, don get ɗin IRF3205 ba ya jure fiye da 20. Kunnawa kuma daga ja ta rizista mai kilo-om ɗaya. Kashewa ba ka kai get ko'ina, sakinsa kawai za ka yi, rizistar ta mai da shi gida. Kada ka ce za ka yi tsimin wuta ka sa mai kilo-om 100 ko fiye, get yana riƙe caji kamar ƙaramar kafasita, zai daɗe bai rufe ba, na biyun ya buɗe su haɗu. Makunnin kuma ka nemi mai tsayawa a tsakiya, sama tubula, ƙasa litiyam, tsakiya kowa a kashe.

Baba Mai Rediyo: Kuma kafin ka jona kai tsaye, sa ƙwan fitilar mota mai wat 55 a jere da batir. In akwai kuskure ƙwan zai haska, ba hayaƙi zai tashi ba. Ka gwada a kashe, ka juya batirin gwajin ka sake. Duka biyun ƙwan ya yi shiru. Ita mita da ɗan batirinta ba komai take gani ba.

Mai Sola Ɗorayi: Ƙari ɗaya ga masu karantawa da za su kwafa su kai kan layin faranti. IRF3205 bolt 55 ne iyakarsa. Faranti mai ƙwaya 72 in ba kaya a kansa yana kai 45 da wani abu, kuma da sanyin safiyar hunturu ya fi haka. Biyu a jere sun wuce 90. A nan sai irin su IRFB4110 mai bolt 100 ma ka yi lissafi da kyau. Kuma a kashe mosfet ɗaya ne cikin biyun ke ɗauke da duk nauyin, kada wani ya ce 55 da 55 sun zama 110. In wayoyin dogaye ne a sa dayod mai shanye tsalle a tsakanin diren biyun, don yanke wuta mai yawa farat ɗaya yana sa ƙarfin ya yi tsalle.

Auta Kurna: Alhamdu lillahi jama'a. Jiya na gama, na bar shi ya kwana. Na ninka su, kowane gefe mosfet biyu, wato huɗu a makunni ɗaya, tunda ina da shida da na zarga ba laifinsu, na ƙaro biyu. Gwajin ƙwan Baba ya wuce gaba da baya. Na sa fiyus mai amfiya 30 a bakin kowane batir. Litiyam na bar shi 13.3 da magariba, da asuba 13.3. Da rana sola tana aiki na taɓa su, sanyi ƙalau. Da dare na mai da shago kan litiyam, kaya suna jan wajen amfiya 12, na auna diren zuwa diren na samu wajen bolt 0.1, alminiyam ɗin ɗumi kaɗan kamar kofin shayin da aka manta. A tsakiya kuma shago ya yi duhu ɗum. Yaya ya shigo ya ce me ya faru, na ce aiki ne ya yi kyau.

Baba Mai Rediyo: Madalla. Amma fa a lura, bayan mosfet takwas da mako guda, da hannu yaron nan yake tura makunni. Da ka sayi wuƙar canji irin ta janareta da tuni ka wuce wurin.

Auta Kurna: Baba ai ban gama ba. So nake ya riƙa canzawa da kansa, don yaron da ke kwana a shago barci yake yi, tubula ya faɗi har ƙasa bai sani ba. Ina da LM393, ƙwaron nan mai kwatanta ƙarfin wuta, zan sa ya auna tubula, in ya kai 11.8 ya juya.

Injiniya Hotoro: Zai yi, ka sa PC817 biyu, ƙwarin nan da fitilar cikinsu ke kunna su, a madadin makunnin, su riƙa ba get wuta daga ja. Amma ka kula da abu ɗaya. Tubula yana faɗuwa 11.8 ne don kaya na kansa. Kana ɗauke masa kaya zai farfaɗo ya koma 12.3, ƙwaron ya ce ai ya warke ya mayar masa, ya sake faɗuwa. Haka za su yi ta kai da komo har wani abu ya ƙone. Ka ba shi tazara mai faɗi, ya fita a 11.8, kada ya dawo sai sola ta kai shi sama da 13. Kuma hannu ba zai ƙara ba ka ɗan jinkirin nan na tsakiya ba, sai ka gina shi da kanka, kashewa nan take, kunnawa bayan 'yan milidaƙiƙa.

Malama Kabuga: Ka zana shi a takarda ka ɗauko hoto kafin ka kunna ƙarfen dalma. Kuma ka nuna min inda LM393 ɗin zai samu tasa baƙar wayar, don a nan nake zargin za ka sake gina ɓarauniyar hanya.

Auta Kurna: To Malama. A kan baƙin tubula kai tsaye na yi niyya, tunda shi yake aunawa.

Malama Kabuga: Daidai. Fitilun PC817 ɗin ma su koma can, kada ko ɗaya ta taɓa baƙar wayar kaya. Turo zanen bayan la'asar.

Ɗan Sabon Gari: PC817 akwai, LM393 akwai. Maika kuma na ware maka guda goma kyauta, ka biyo ta France Road gobe kafin azahar.